Kafin ka taɓa kanad ɗin Long-EZ ɗinka, ɗora jirgin a kan sikeli

Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya sanya alheri a wannan aiki da ka ɗauko. Idan na fahimce ka daidai, ka sayi Long-EZ, ƙaramin jirgin sama da mutum ke haɗawa da kansa daga zane, wanda wani ya fara haɗawa a Teksas bai ƙarasa ba, nauyinka laba 240 ne, kana son sa masa injin O-320 maimakon O-235 da zane ya ce, kana son ya riƙa ɗaukar laba 1,600 gaba ɗaya saboda tafiya da iyali da kaya, kuma kana tunanin ƙara wa kanad, wato ƙaramin fiffiken da ke gaban jirgin, tsawo inci huɗu kowane gefe don ya iya ɗaga hancin da nauyinka zai danne. Ni makanikin jirage ne a nan Amurka, kuma shekara goma sha ɗaya muna riƙe da irin wannan jirgi ni da abokin tarayyata. Injin za ka iya sa shi. Ƙarin kaya akwai magana. Amma kanad ɗin nan, don Allah ka bar shi yadda yake.

Lokacin da Burt Rutan ya fitar da VariEze a 1975, sannan Long-EZ a 1979 a Mojabe ta Kalifoniya, duk tsaron jirgin ya ɗora shi ne a kan abu guda: ƙaramin fiffiken gaba shi zai fara gajiya kafin babban fiffiken baya. Idan ka ja sandar tuƙi, gudu ya yi ta raguwa, kanad ne zai fara sakin iska, wato ya yi sitol. Da ya saki, hanci ya sunkuya da kansa, gudu ya dawo, kanad ya sake kamawa. Sai ka ji jirgin yana ɗan gyaɗa kai kamar mai gyangyaɗi, alhali babban fiffike bai ko kusanci iyakarsa ba. Shi ya sa ake cewa jirgin ba ya sitol. Yana iya yi sarai, kanad ne ke tare masa hanya.

To ka ƙara wa kanad tsawo, me ka yi? Ka ba shi ƙarfin da zai ci gaba da ɗaga hanci har ya wuce inda babban fiffike zai iya jurewa. Ranar da na baya ya riga na gaba saki, baya ne zai zauna, hanci ya dubi sama, jirgin ya kama saukowa a kwance kamar faifai. Elebetarka kuwa, wato ɓangaren da sanda ke motsawa don ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, a jikin kanad take, ba ta da iskar da za ta yi aiki da ita. Ka tura sanda gaba har ƙarshe, babu abin da zai motsa. Wannan ya faru da jiragen Velocity na farko, masu kanad su ma, a Fulorida a ƙarshen shekarun 1980, har sai da aka yi wa fiffikensu gyara. Nat Puffer, wanda ya zana Cozy, wani jirgin mai kanad, ya yi gwajin samfurinsa na Mark IV da wani nauyi mai tafiya gaba da baya a cikin jirgin don ya gano inda haɗarin ke farawa, kuma abin da ya ƙare da shi rage kanad ne, inci uku kowane gefe. Mutumin da jirginsa ke ɗaukar manya biyu a kujerar gaba ragewa ya yi, kai kuma mutum ɗaya kana shirin ƙarawa.

Matsar da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin jirgin ke daidaita, zuwa baya da ƙara girman kanad, ƙofa ɗaya suke buɗewa. Haka ma faɗaɗa gangar jirgin daga gaba ko ƙara wa hanci tsawo sosai, domin duk wani fili da ka ƙara a gaban cibiyar nauyi yana ɗagawa kamar ɗan ƙaramin fiffike. Na san kafaɗunka za su matsu a ciki, mu ma mun sha wannan. Akwai waɗanda suka faɗaɗa da inci biyu suka zauna lafiya, amma sun yi gwajin tashi daga farko kamar sabon jirgi.

Yanzu ga abin da nake jin zai kwantar maka da hankali: matsalar da kake tsoro, ta nauyin hanci, ba ka da ita. Bari in nuna maka da lissafin jirginmu, shi ma O-320 ne a bayansa. A wannan jirgi ana auna komai da inci daga wani wuri kusa da hanci. Iyakar da aka yarda cibiyar nauyi ta zauna daga inci 97 ce zuwa 103. Matuƙi yana zaune wajen inci 59. Jirginmu ba kowa ba mai, laba 900 ne, cibiyarsa a inci 111.5. Ka ninka, ka sami 100,350. Kai da labarka 240 a inci 59, ka ba da 14,160. Haɗa su, 114,510, raba da 1,140, ka faɗo a 100.4. Tsakiyar iyaka ke nan. Injin mai nauyi a baya da matuƙi mai nauyi a gaba sun biya wa juna bashi.

Wanda ke cikin haɗari shi ne mara nauyi. Abokin tarayyata laba 140 ne. Yi masa lissafin: 8,260 a haɗa da 100,350, a raba da 1,040, ya ba ka 104.4. Ya wuce iyakar baya da kusan inci ɗaya da rabi. Inci ɗaya da rabi ba ya kai tsawon ɗan yatsa, amma a wannan jirgi shi ne tsakanin gyaɗa kai da zama a kan baya. Shi ya sa duk ranar da zai tashi sai mun ɗaure dalma laba 20 a cikin hanci, a wani gurbi da muka yi mata wajen inci 10. Laba 16 ce ke dawo da shi kan 103 daidai, sauran huɗun na kwanciyar rai ne. Wanda ya taɓa ganin lodin amalanke ya san zancen: buhu ɗaya a bayan gatarin taya ya isa ya ɗaga jaki sama, komai ƙarancin sauran kayan. Ka tuna da wannan duk ranar da wani zai karɓi jirginka, ko malamin da zai koya maka shi, ko mai saye nan gaba.

Yadda muka san waɗannan lambobi ma labari ne da har yau yake sa ni yin shiru. Takardar nauyi da muka tarar a jirgin ta ce laba 835. Mun tashi da ita watanni. Wata rana abokina ya hau sama sosai yana gwada tafiya a hankali, ya dawo ya ce mini hancin bai gyaɗa ba yadda ya saba ji a wasu jiragen, sandar ta yi sakwa-sakwa a hannunsa, sai da ya tura gaba da ƙarfi ya ƙara wuta kafin ya ji jirgin ya dawo hannu. Washegari muka aro sikeli uku. Laba 900 cif. An sake fenti bayan an rubuta takardar, an sa babban satata da babban janareton caji a jikin injin, an canja farfela da abin da ke riƙe ta, kuma ba wanda ya sake aunawa. Duk laba 65 ɗin nan, kusan dukkansu a baya suka zauna. Allah ne ya tsare shi.

Saboda haka awo shi ne aikinka na farko, tun jirgin bai gama haɗuwa ba, sannan ka maimaita bayan fenti. A cikin rumfa za ka yi, a rufe ƙofa kada iska ta taɓa fiffike. Sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, tayar gaba a miƙe, ka daidaita jirgin da ma'aunin magina a kan dogon katakon gefen kujera. Tunda babu kowa a ciki zai so ya kife ta baya, dalilin da ya sa ake ajiye irinsa da hanci a ƙasa ke nan, don haka ka sa nauyin da ka sani a hanci, ka cire shi a lissafi daga baya. Kada ka ɗauki matsayin tayoyi daga zane. Saki igiya mai dalma daga kowane gatari, ka yi alama a ƙasa, ka auna da tef. Sannan ka shiga da kanka a sake karanta sikeli, domin inci 59 na matsakaicin mutum ne, dogo da gajere ba wuri ɗaya suke zama ba.

To sai maganar laba 1,600, wadda ita ce ainihin matsalarka. Zanen ya ba da 1,325, da izinin tashi da 1,425 bisa wasu sharuɗɗa. Jirgi 900, kai 240, mai galan 30 a laba shida kowane galan 180, ka riga ka kai 1,320 ba ka ɗauki kowa ba. Ka cika tankuna galan 52, ka wuce 1,450. Kujerar baya da tankunan mai suna kusa da cibiyar nauyi, shi ya sa fasinja da mai ba sa karkatar da ma'auni sosai, kuma nan mutane ke ruɗuwa: lissafin daidaito ya fito lafiya, sai su manta jimillar ta wuce.

Dokar Amurka ta bar wa wanda ya haɗa jirgin gwaji ya rubuta iyakar nauyinsa da kansa, kuma gaskiya ne akwai Long-EZ da yawa da ke tashi da 1,600. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma ka san abin da kake biya. Daga 1,325 zuwa 1,600 ƙarin kashi 21 cikin ɗari ne. Gudun tashi da na sauka zai ƙaru da kusan kashi 10, a jirgin da ba shi da filaf, wato ɓangaren fiffike da ake saukarwa don rage gudun sauka, wanda dama da gudu yake sauka. Zafin da birki zai haɗiye kuwa ya ƙaru da kusan kashi 46, domin nauyi ya ƙaru, gudu ma ya ƙaru. Ƙafar tayoyin baya fayiba ce, birki kuma a jikinta yake. Na ga ƙafar da zafin birki ya tausasa har ta lanƙwashe a kan titi. Idan za ka je can, sai birki mafi girma, da kariyar zafi tsakanin faifan birki da ƙafar, da duba wurin da ƙafar ta kama gangar jirgi a kai a kai. Ƙashin fiffike ma bai san ka canja takarda ba. A ce yana ɗaukar ninki biyar na 1,325, wato 6,625. A 1,600 ninki huɗu da ɗigo ɗaya kawai ya rage maka. Ka haɗa da zafin Teksas a watan Yuli da ɗan gajeren titi, ka ga inda lissafin ke tafiya.

Hanyar da ta fi mana amfani ita ce rage nauyin jirgin kansa. Mun sa ƙaramin satata da ƙaramin janareto, mun koma farfelar katako, mun mayar da batir can cikin hanci inda nauyinsa ke aikin dalma a kyauta. Kai da ba ka yi fenti ba tukuna ka fi mu sa'a. Wurin cike ramuka da shafe jiki nan masu haɗawa ke zuba laba talatin ba su sani ba, kuma yawancin fatar jirgin a bayan cibiya take. Fenti fari, siriri. Elebeta kuwa a auna daidaitonta bayan fenti kamar yadda zane ya ce, domin idan bayanta ya yi nauyi tana iya kama karkarwa a cikin gudu, wannan kuma ba ya ba da lokaci.

Ka duba wane kanad ne a hannunka. Na farko, mai siffar da aka samo daga Jami'ar Gilasgo, yana rage ɗagawa idan ruwan sama ya jiƙa shi, hanci ya nemi sunkuyawa. A 1985 aka fitar da wanda John Roncz ya zana don magance haka. Kowanne da ma'aunin kusurwarsa, kada ka auna ɗaya da na ɗaya. Ƙananan haƙoran nan da ake mannawa a gaban babban fiffike, botilon, su ma ka sa su. Duk gyare-gyaren da kamfanin Rutan ya wajabta suna cikin jaridarsa ta Canard Pusher, kuma tunda sun daina sayar da zane tun 1985, ba wanda zai kira ka ya tuna maka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga wanne mai aikin farko ya yi, wanne ya tsallake. Ka kuma duba inda ya kauce wa zane da ra'ayinsa. Long-EZ ɗin da mawaƙi John Denver ya rasu a cikinsa a gaɓar Montere a watan Oktoban 1997, an mayar da makunnin sauya tankin mai bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, maimakon tsakanin ƙafafu inda zane ya sa shi.

Idan kuwa tafiya da Hajiya da kaya ita ce ainihin buƙatar, ni a ganina Cozy Mark IV ya kamata ka duba tun ba ka zuba shekara uku a wannan ba. An zana shi ne don laba 2,050 da injin O-360, kuna zaune kafaɗa da kafaɗa. Shi ma yana da tasa ƙa'idar, idan kai kaɗai ne a gaba sai an duba ko ana buƙatar dalma a hanci, amma nauyin da kake nema yana cikin zanensa tun asali.

In ka tsaya a kan Long-EZ, to lokacin gwajin tashi ka fara da cibiya a tsakiya da nauyi kaɗan. Ka riƙa ƙara buhunan yashi a kujerar baya, a ɗaure tamau, laba hamsin hamsin. Matsawa baya kuwa rabin inci rabin inci, a sama sosai, da laimar sauka a bayanka, kuma kada ka wuce 103 ko da jirgin ya nuna maka yana iyawa. Ka nemi reshen EAA, ƙungiyar masu haɗa jiragen gwaji, mafi kusa da kai, suna da masu duba aikin haɗawa da masu ba da shawarar tashin farko, kuma sau da yawa a wurinsu ake aron sikeli. Idan ka auna, turo mini abin da sikeli ukun suka nuna da nisan kowane gatari, da hoton kanad ɗin daga gefe, mu yi lissafin tare kafin ka sayi injin.