Na Ɗiga wa Kare Maganin Kaska, Aka Yi Masa Wanka: Kuɗina Sun Bi Ruwa Ke Nan?

Tun da damina ta kankama, rabin saƙonnin da ke shigowa daga masu karnuka a kan kaska da ƙuma ne. Na zaɓi guda biyar. Ta farkon za ta ɗauke mu lokaci, domin ita ce uwar sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kare na gadi, irin na Turawa mai yawan gashi. Na sayi Frontline Plus, ɗan bututun nan da ake matsewa a bayan wuya, da tsadarsa. Yaron da ke kula da karen yana yi masa wanka da omo duk Asabar. Ranar da aka yi wanka ranar aka ɗiga maganin, amma ko mako biyu ba a yi ba kaska ta cika masa kunne. Jabu aka sayar mini, ko wankan ne ya wanke shi? Daga wani magidanci a Barnawa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Jabu na nan a kasuwa, ba musu, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga bayaninka, na fi zargin omon.

Sinadarin da ke kashe kaska a cikin Frontline sunansa fipronil, kuma ba ta jini yake aiki ba. Fatar kare tana da wani siririn maiƙo da take fitarwa, wanda kake ji a tafin hannu idan ka shafa bayansa. Maganin wannan maiƙon yake bi. Daga inda aka ɗiga shi sai ya yaɗu har wutsiya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya taru a ƙananan jakunkunan mai da ke gindin kowane gashi, daga nan yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan har wata ya cika. Omo kuwa ba shi da aiki a duniya sai cire maiƙo. Yaronka ya kankare hanyar da maganin zai bi, sannan ya ɗiga shi a kan busasshiyar fata. Ɗan abin da ya samu ya taru, Asabar mai zuwa aka sake bi ta kansa da kumfa.

Ka tsara abin haka: wanka ranar Alhamis, magani ranar Asabar, kada ruwa ya taɓa shi sai Litinin ta wuce. Kwana 2 kafin, kwana 2 bayan. Daga nan idan ruwan sama ya doke shi, ko aka watsa masa ruwa zalla saboda zafi, ba wata asara ba ce. Sabulu ne matsalar. Kare mai lafiyar fata ba ya bukatar wankan sabulu duk mako. Sau ɗaya a wata ya ishe shi, da shamfu na karnuka mara kaifi, kuma a daidaita ranar ta faɗo kwana biyu kafin sabon magani. Sauran kwanakin buroshi ya wadatar. Yawan omo ma busar masa da fata yake yi, ya yi ta susa, kai kuma ka ɗauka ƙuma ce.

Sai yadda ake ɗigawar. Na taɓa tsayawa ina kallon wani mai gadi yana wannan aiki a gidan wani abokina. Ya tsaya nesa, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya matse bututun a saman gashi kamar mai zuba man gyaɗa a kan dambu. Gashin ya yi sharkaf, karen ya girgije, ya je ya yi birgima a yashi. An yi ba a yi ba. Ban ga laifin bawan Allah ba, yawancinmu mun tashi ne ba ma taɓa kare. Amma wannan magani sai an taɓa. Ka saya wa yaron safar hannu ta roba, ya buɗa gashin tsakanin kafaɗu da yatsu har ya ga fatar da idonsa, ya ɗora bakin bututun a kanta, ya matse duka. An zaɓi wurin ne don harshen kare ba ya kaiwa can.

Ka duba kwalin ma. Ana yin sa ne bisa nauyi: kilo 2 zuwa 10, 10 zuwa 20, 20 zuwa 40, sai 40 zuwa 60. Irin karen da ka kwatanta, idan ya girma, ya wuce kilo 20 nesa ba kusa ba. Wanda ya saya masa na ƙananan karnuka don ya fi sauƙin kuɗi, rabin magani ya ba shi. Araha ba ta ado. Kuma a saya cikin kwalinsa, da lambar NAFDAC da ranar daina aiki, a wurin likitan dabbobi ko shagon da ke ajiya a inuwa. Bututu tsirara da ya wuni a kan tebur cikin rana, ni ban saya ba.

Abu na ƙarshe, fipronil ba ya korar kaska. Sai ta hau, ta ratsa gashin, sannan ta mutu cikin kamar kwana biyu. Saboda haka ganin kaska a jikinsa bai nuna maganin ya gaza ba. Ka dubi irin wadda kake gani. Idan ƙanana ne, shafaffu, wasu ma sun bushe suna maƙale, magani na aiki. Idan kuwa kana cin karo da manya masu ruwan toka, sun kumbura kamar ƙwayar zurma, to sun daɗe suna shan jini lafiya lau, magani ya tafi.

Tambaya: Duk wata muna sa wa karenmu magani yadda likita ya ce, ba ma wankan omo. Amma kaska ba ta ƙare ba, har muna ganinta tana hawa bangon ɗakin da yake kwana. Mu canza magani ne? Daga wata uwargida a Samaru, Zariya.

Amsa: Hajiya, kada ki canza tukuna. Kin riga kin ga inda gizo ke saƙa, wato bangon nan.

Jar kaskar da ta fi damun karnuka a garuruwanmu ta gida ce, ba ta daji ba. Kirarinta raɓi mai jini, amma a jikin kare cin abinci kawai ke kai ta. Sau uku take hawa kare a rayuwarta, kuma duk lokacin da ta ƙoshi sai ta sauko ta nemi tsaga ta ɓuya. Macen da ta cika ciki tana zuba ƙwai dubbai a cikin tsagar bango, kuma 'ya'yan suna iya yin watanni ba su ci komai ba suna jira. Halinta ne ta hau sama, shi ya sa za ki same ta a ƙarƙashin rufi, da bayan ƙyaure, da ramukan bulon da ba a yi wa filasta ba. Maganin da ke jikin karen yana kashe masu hawa, bango kuma yana turo sababbi.

Ƙuma ma haka take, sai dai ita a ƙasa take nata. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, suna zubowa daga gashi zuwa shimfiɗa da turɓaya. Wadda kike gani tana tsalle a jikin karen ita ce 'yar kaɗan. In kina so ki tabbatar akwai ta, ki taje bayansa a kan farar takarda mai laima: baƙin garin da ya zubo idan ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jini ne busasshe.

Kuɗin da za ki sa a sabon magani, ki sa su a ɗakin. A fitar da karen da kwanukansa. Buhun da yake kwanciya a kai a ƙone shi, bargo kuma a wanke da tafasasshen ruwa. A fesa maganin da likita ya rubuta a bango tun daga ƙasa har rufi, a bi tsaga-tsaga, a bari ya bushe sarai kafin karen ya koma. Bayan mako 2 a maimaita, don ƙwan da ke ciki sun ƙyanƙyashe. Sannan a kira magini ya toshe tsagogin da siminti. Wannan ne mutane suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi daɗewa yana amfani.

Ki riƙa ɗaga leɓensa kina duba dasashi. Kaska tana sa wa kare cututtukan jini, irin su babesiya da erlikiya. Idan dasashin ya yi fari, ko fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ko yana haɓo, ko ya ƙi abinci ga zazzaɓi, kada a kwana. Ke ma kin yi sa'a, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da ke.

Tambaya: Ni mafarauci ne, karnukana huɗu. Kullum suna cikin ciyawa da ruwan fadama, ba yadda zan hana su ruwa kwana biyu. Mai shago ya nuna mini ƙwaya da kuma abin wuya. Wanne zan saya? Daga wajen Ningi.

Amsa: Ɗan'uwa, kai na ɗigawa ba naka ba ne. Ƙwayar za ka saya.

Su Bravecto da NexGard da Simparica ta jini suke aiki, don haka ko a kogi karen ya kwana babu abin da ya shafe su. NexGard da Simparica na wata-wata ne. Bravecto ana sayar da shi a matsayin na mako 12, sai dai takardar da ke cikin kwalin da ake yi wa Turai mako 8 ta ba jar kaskar gida, saboda haka ka fara duba kunnuwa da tsakanin yatsu tun daga wata na biyu. Da abinci ake ba da shi. Ƙarin riba gare ka, wannan dangin maganin yana kashe ƙwayar kirci, wanda ba ya rabuwa da karnukan farauta.

Farashin zai sa ka ja da baya idan ka ji shi. Amma ka tambayi kuɗin bututu uku na ɗigawa ka kwatanta da ƙwaya ɗaya ta mako 12, sannan ka tuna bututun naka fadama za ta sha. Idan aljihu bai kai na shekara ba, ka ba su a farkon damina, lokacin da kaska ta fi yawa.

Hattara ɗaya: a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa waɗannan ƙwayoyi suna iya jawo wa wasu karnuka rawar jiki ko farfaɗiya. Idan a cikin huɗun akwai wanda ya taɓa faɗuwa yana shure-shure, ka gaya wa likita kafin a ba shi.

Abin wuyan, irin su Seresto, yana kai wata 8 a wuyan karen gida. Yawan jiƙewa yana rage masa kwana, kuma karen da ke kutsa sarƙaƙiya yana bin zomo zai bar shi a jikin ƙaya ran farko.

Tambaya: A ƙauyenmu maganin kaskar shanu muke jiƙawa mu wanke kare da shi, wasu kuma fiya-fiya ko baƙin mai suke shafawa. Tunda yana kashe kaskar, mene ne aibinsa?

Amsa: Yana kashe kaskar, wani lokaci ya haɗa da karen. Fiya-fiya da baƙin mai da kananzir babu su a lissafi ko kaɗan. Kare lasar jikinsa yake yi, kuma fata ma tana shan guba. Alamar ita ce dalala, rawar jiki, amai da gudawa.

Maganin shanu mai amitraz, wanda ake sayarwa da ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, likitoci suna amfani da shi a kan kare, musamman don kirci, amma da awo suke sirka shi, da sirinji. Abin da ke kashe karnuka shi ne awon murfin kwalba da "ƙara kaɗan don ya ji". Karen da ya sha da yawa za ka ga yana tangaɗi, jiki ya yi sanyi, barci ya ƙi sakinsa. Ba a sa wa mage, ba a sa wa doki, ba a sa wa ƙaramin kwikwiyo.

In tsautsayi ya riga ya faru, nan ne omon da na hana Alhajin Barnawa yake da rana. A sa safar hannu, a wanke karen da shi ko da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a goge shi kada sanyi ya kama shi, sannan a ɗauki kwalbar maganin a tafi da ita wurin likita, don ya san abin da zai karya.

Tambaya: Muna da kare da mage da yara ƙanana a gida ɗaya, kuma karyar ta haihu. Zan iya ɗiga wa magen da 'yan kwikwiyon ragowar maganin uwar? Daga wata baiwar Allah a Jos.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kuma ki karanta bayan kwalin yau ɗin nan. Idan kin ga permethrin a jerin sinadaran, kamar yadda yake a Advantix, guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ko kwanciya ta yi a jikin karen da aka ɗiga wa, ta lashi gashinta, za ta iya kamuwa da jijjiga har ta mutu. A gidan da ke da mage gara a kauce masa gaba ɗaya. Fipronil kuma, in kina kiwon zomaye, kada ya kusance su.

Frontline na ɗigawa ba a sa wa kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Kafin lokacin, mataji mai ƙananan haƙora da ruwan ɗumi za ki yi amfani da su. Kaska kuma ki kama ta da matsefata dab da fata, ki ja a hankali ba tare da murɗawa ba, ki jefa a gwangwani mai ɗan kananzir. Kada ki fasa ta da farce. Idan ƙumar ta yi musu yawa har dasashinsu ya fara fari, akwai fipronil na fesawa da likita zai iya sa wa jarirai, shi zai auna. Ita uwar ma, tunda tana shayarwa, ki nuna masa kwalin kafin ki sake ɗiga mata.

Yaran kuwa, ki ɗiga maganin da daddare bayan sun kwanta, kuma washegari ki taɓa wurin da safar hannu ki tabbatar ya bushe kafin ki bar su su je wajen 'yan kwikwiyon.