Me ya sa taurarin gefen galaksi ba sa rage gudu?

Tambayarka ita ce ko taurari da iskar gas suna kewaya tsakiyar galaksi (babban tarin taurari da gas) kamar yadda duniyoyi ke kewaya Rana, wato na nesa a hankali, na kusa da sauri. Ba haka abin yake ba.

Rana ce ke ɗauke da kusan dukkan nauyin tsarinta, shi ya sa Neptun, duniyar da ta fi nisa da ita, ke tafiya sannu. A galaksi kuwa nauyin a warwatse yake. Ranarmu tana gudun kusan kilomita 230 a daƙiƙa, kuma takan ɗauki shekara miliyan 230 ko kusa da haka kafin ta gama zagaye tsakiyar galaksinmu sau ɗaya. A shekarun 1970 masana taurari Vera Rubin da Kent Ford suka auna gudun gas a Andromeda da wasu galaksi, suka tarar na can gefe bai ragu ba, abin da binciken siginar rediyo mai tsawon zango santimita 21 da iskar haidirojin ke fitarwa ya ƙara tabbatarwa. Galibin masana sun danganta wannan da wani ɓoyayyen abu mai nauyi wanda ba ya fitar da haske.

Kada ka ɗauka baƙin ramin da ke tsakiyar galaksinmu, wato dunƙulen nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa, shi ne ke riƙe da komai. Nauyinsa ya kai na Rana miliyan 4, amma ikonsa bai wuce na kusa da shi ba, irin su tauraro S2 da ke zagaye shi cikin shekara 16. Galaksi kuma ba faifai ba ce da ke juyawa gaba ɗaya. Kowane tauraro da tasa hanyar.

In lissafin gudun kake son yi da kanka, nemi malamin ilimin taurari, domin karkatar galaksi a idonmu takan rikita awon.