Amsa kan gejin bas ɗin da aka mayar gas

Malam, ka ce tun da aka mayar da bas ɗinka ta koma CNG, wato iskar gas da ake matsewa cikin tukunya, fitilun gejin gas na mutuwa da wuri, allurar gejin fetur kuma ta maƙale. Gejin gas matsin da ke cikin tukunya yake aunawa, cikakkiya tana kai bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi). Wajen ɗurawa gas ɗin na ɗaukar zafi, da ya huce sai matsin ya ɗan sauka, shi ya sa koriyar fitila ɗaya ke mutuwa tun ba ka yi nisa ba. Wannan ba matsala. Amma in kana jin warin gas, kashe mota, ka rufe bawul ɗin tukunya, ka sauke fasinja.

In jar fitila ta kama tana ƙara, gas ya kusa ƙarewa, motar za ta koma fetur da kanta. Don Allah kar ka bar tankin fetur ya gaza kwata: da fetur take tashi da safe, famfon cikin tanki ma fetur ke sanyaya shi. Allurar kuwa, mai wayarin ya duba fulot ɗin tanki, wato abin da ke shawagi a kan fetur yana auna yawansa, da wayoyinsa.