Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Nake Maƙalewa a 512?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ne ya sauke mini wasan 2048 a waya. Na gane cewa lamba ake haɗawa da 'yar'uwarta, amma da zarar na kai 512 sai allon ya cika, wasa ya ƙare. Sa'a ce ko akwai dabara? Sannan wani lokaci ina ganin 2, 2, 4 a jere, in ja, maimakon 8 sai in ga 4 da 4. Ko wayata ce ke da matsala? — Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wayarki lafiyarta ƙalau, ƙa'idar wasan ce haka. Tubali, wato ɗan akwatin da ke ɗauke da lamba, in ya haɗu da wani ba ya sake haɗuwa a cikin ja ɗaya. Saboda haka 2, 2, 4 zai ba ki 4 da 4, sai kin sake ja kafin su zama 8. Idan kuma uku ne iri ɗaya a jere, biyun da suka fi kusa da bangon da kika ja wajensa su ne za su haɗe, na ukun ya tsaya shi kaɗai.

Allon gida 16 ne, huɗu a tsaye, huɗu a kwance. Duk ja ɗaya, tubalan gaba ɗaya suna zamewa har sai sun ci karo da bango ko da wani tubali, sannan sabo ya faɗo a wani gidan da babu kowa. Sau tara cikin goma 2 ne ke faɗowa, sau ɗaya 4. Iyakar sa'ar da ke cikin wasan ke nan: inda sabon ya faɗo da lambar da ya zo da ita. Sauran duk aikin yatsanki ne.

Ina kyautata zaton kina ja ta ko'ina, sama, ƙasa, hagu, dama, duk inda kika hango biyu masu kama. Wannan yana tafiya a farko, lokacin da fili ke da yawa. Amma yana sa babban tubalin ya yi ta yawo a tsakiya, ga shi ba shi da abokin haɗuwa, sai ya raba ƙananan da juna. Kamar babbar mota ce ta tsaya a tsakiyar mararraba, kowa sai ya tsaya.

Ki zaɓi kusurwa ɗaya, mu ce ta ƙasa a hagu, ki kai babban can ki bar shi. Daga nan ja biyu ne aikinki, ƙasa da hagu. Dama kuwa sai layin ƙasa ya cika da tubali huɗu waɗanda babu biyun da za su haɗe, domin a lokacin ne ba zai motsa ba. Sama kada ki taɓa ta sai dole. Layin ƙasan ki jera shi daga babba zuwa ƙarami, misali 512, 256, 128, 64. Ranar da kika samo wani 64 kika sauke shi a kan na ƙarshen, ya zama 128, sai ki yi ta ja hagu: 128 biyu su zama 256, su zama 512, su zama 1024. Wannan zubewar ita ce daɗin wasan gaba ɗaya, a ganina.

Kuma ki sassauta hannu. Tunda kowane ja 2 ko 4 kawai yake ƙarawa a allo, kafin a tara 2048 sai an ja sama da sau 900. Mai gaggawa a ja na 700 ba zai ga na 900 ba.

Tambaya: Malam, na bi dabarar kusurwa, amma wani lokaci ƙasa, hagu da dama duk sukan ƙi motsi, sai sama kaɗai. Me zan yi? — Wani ɗalibi

Amsa: Ka ja sama, ɗana, babu makawa, sannan ka ja ƙasa nan take. Idan sabon tubali bai faɗo a ƙarƙashin babban ba, ka tsira. Idan ya faɗo can, to 2 ya zauna a kusurwarka, babban yana samansa. Kada ka ce sai ka cire shi da ƙarfi. Ka ɗauki layi na biyu a matsayin sabon gindinka, ka cika shi don kada ya motsa, ka riƙa ciyar da ƙaramin ta gefe har ya girma. Yawanci wannan tarkon yana zuwa ne idan layuka sun cika daidai wa daida, ba guda da ya yi tsini sama. In ka hango allon na neman zama haka, ka canja ja tun kafin ya rufe.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ga 2048 iri-iri a rumbun manhajoji, wasu talla ta yi musu yawa. Wanne ne na asali, kuma wasan yana ƙarewa ne a 2048? — Wani magidanci

Amsa: Yallaɓai, wani matashi ɗan Italiya, Gabriele Cirulli, shi ya rubuta shi a watan Maris na 2014 yana ɗan shekara 19, ya sake shi kyauta, ya kuma bar rubutun manhajar a buɗe ga duk mai so. Dalilin da ya sa kowa ya kwafa ya liƙa tallarsa ke nan. Wasu sun ƙara maɓallin janye ja, wasu sun faɗaɗa allon zuwa biyar-biyar. Ni dai ba na lissafa nasarar da aka samu da janye ja, amma wannan ra'ayina ne. Abin dubawa kafin saukewa shi ne izinin da manhajar ke nema. Wasan lamba ba shi da hurumi da lambobin mutanenka ko hotunanka.

Shi ma Cirulli ba daga sama ya tsinto tunanin ba. Wata guda kafin nasa, a Fabrairun 2014, Asher Vollmer da Greg Wohlwend sun fitar da wasan Threes bayan aikin wata 14. A can 1 da 2 ake haɗawa su ba da 3, daga nan 3 da 3 su ba da 6. Tubalan taku ɗaya suke yi a kowane ja, kuma ana nuna maka alamar wanda zai faɗo gaba. Ya fi wuya, ya kuma fi buƙatar lissafi. In ka ƙoshi da 2048, can za ka koma.

Batun ƙarewa kuwa, da ka kai 2048 za a ce ka ci, amma akwai zaɓin ci gaba zuwa 4096, 8192 da abin da ya yi sama. A lissafi, mafi girman tubalin da gida 16 za su iya ɗauka shi ne 131072, shi ma sai 4 ya faɗo a gida na ƙarshe daidai lokacin da ake buƙatarsa.