Tambaya da Amsa: Hannuna Yana Rawa Idan Zan Ɗebi Jini

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar aikin jinya ce a nan Zariya, ina zaune a Tudun Wada. Wata biyu ke nan ina koyon aiki a asibiti, amma da na riƙe sirinji sai hannuna ya hau rawa. Jiya sau uku ina soka wa wata tsohuwa allura ban samu jijiya ba, har ta ce in sakar mata hannunta. Yaya zan yi in ƙware ba tare da na cutar da kowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Tsohuwar nan ta fi ki gaskiya. Sau biyu ne iyakarki. In ba a dace ba, ki kira wadda ta fi ki daɗewa a aiki. Babu abin kunya a ciki.

Rawar hannu za ta tafi. Ki yawaita gwaji a hannun roba, kuma in kin zo kan mutum ki jingina sauran yatsunki a hannunsa. Abin da na fi lura da shi a saƙonki shi ne, da alama da ido kike neman jijiya. A irin fatarmu ido ba ya wadatarwa, yatsa ne ke aiki. Ki ɗaura robar matse dantse kamar faɗin yatsu huɗu sama da gwiwar hannu, ki laluba tsakiyar lanƙwasar da ɗan alinki. Wadda kike so tana da taushi, kin danna ta dawo. Mai tauri kamar igiya ba ta jini ba ce. Mai bugawa kuwa ki nisance ta. Jijiyar tsofaffi tana zillewa, don haka ki ja fatar ƙasa da babban yatsa kafin ki soka. Da sanyin safiyar hunturun Zariya jijiyoyi kan ɓuya. Ki ɗora tsumma mai ɗumi, ki bar hannun ya sauka ƙasa kaɗan.

Kada robar ta wuce minti ɗaya, kada kuma ki sa mutum ya yi ta dunƙulewa yana buɗewa, domin hakan kan ɗaga sinadarin fotasiyam a sakamakon gwajin jinin. Ki goge da sifirit mai ƙarfin kashi 70, ki bari ya bushe da kansa, ban da hurawa da baki. Bakin allura ya kalli sama, ki shiga a kwance-kwance, kada ya wuce digiri 30. In majinyaci ya ce ya ji kamar lantarki ya ja shi har yatsu, ki zare nan take. Ki kwance robar kafin allura ta fita, a danne auduga, hannu a miƙe. Lanƙwashe shi da aka saba yi shi ke tara jini a ƙarƙashin fata.

Sai maganar suna. Kada ki ce "Ke ce Hauwa?" Wata don kunya za ta amsa. Ki ce "Mama, yaya sunanki?", ki rubuta a kwalbar jinin tun kina gabanta. A ɗaki ɗaya ana iya samun Hauwa uku.

Ke kuma lafiyarki fa? Kada ki mayar wa allura murfi, a nan ake yawan soke kai. Daga hannu sai kwalin zubar da allura, wanda kika ajiye kusa tun farko. Safar hannu ba ta tare tsini. In tsautsayi ya gitta, ki wanke da sabulu a ruwa mai gudu, kada ki matse, ki sanar da babbarku a take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana so a fara shi cikin 'yan sa'o'i, kada ya wuce 72, ana sha kwana 28. Kowa tsoron ƙanjamau yake, alhali kusan mutum 3 cikin 1,000 yake kamawa in allurar mai cutar ta soke su, ciwon hanta nau'in B kuwa yakan kai 30 cikin 100 ga wanda ba shi da rigakafi. Rigakafin ciwon hantar allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. In ba ki yi ba, ki je ki karɓi ta farko a makon nan.