Tambaya da Amsa: Almarar da Ba Yaƙi a Cikinta

Tambaya: Malam, na gaji da littattafan almara da jarumi ke ceton duniya baki ɗaya. Shin akwai waɗanda rigimarsu ba ta wuce ta gida da sana'a ba? Daga wata ɗaliba a Daura.

Amsa: Akwai su, 'yata, kuma ki fara da na gida. Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Duk da aljanun da ke ciki, abin da ya fitar da jarumin labarin, Alhaji Imam, daga gida shi ne wanke liman, mijin mahaifiyarsa, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, kuma a ganina daɗin littafin yana cikin ramuwar gayya tsakaninsa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, wadda ba ta cin gari.

Idan kina karanta Turanci, ki nemi Legends & Lattes na Travis Baldree, na 2022, labarin mayaƙiyar da ta rataye takobi ta buɗe shagon sayar da gahawa, cikin damuwarta har da yadda za ta samu masu saye a garin da ba a san gahawa ba.