Direban da ya buge ni a kan keke ya aiko da takarda in sa hannu, ya zan yi?

Tambaya: Salam barista. Sati 3 kenan wata mota ta kwashe ni ina kan keke, direban ya sha kwana bai duba ba. Gaskiya mutumin ya yi kirki, shi ya kai ni asibiti ya biya kuɗin magani, aka yi hoto aka ce ba karaya. To amma har yau wuyan hannuna na dama ciwo yake, ko kofi ba na iya riƙewa da kyau, ga ciwon kai yana zuwa yana tafiya. Yanzu ya aiko da takarda wai in sa hannu ya ba ni kuɗin sabon keke magana ta ƙare. Mutane na ce min in karɓa tunda mai keke ba shi da wani haƙƙi a titi, kuma ranar ban sa hular kwano ba. Hankalina a tashe yake, da hannun nan nake neman abinci.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin maganar shari'a, ka koma asibiti yau ɗin nan. Ciwon kai bayan buguwa ba abin jira ba ne, akwai jinin da ke taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai sai bayan makonni ya nuna kansa. Kuma akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannu daidai gindin babban yatsa, likitoci na ce masa sikafoid, shi ne ke yawan tsagewa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa, kuma sau da yawa hoton farko ba ya nuna shi, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Ni ba likita ba ne, a fayil ɗin mutane na san shi.

Takardar kuwa kar ka sa mata hannu. Dan Allah kar ka sa.

Wannan abu shi ne ke ƙona min rai kullum a aikin nan, mutum ya ɗauka sa hannu kawai shaida ce ta cewa ya karɓi kuɗin keke, in ciwo ya tsananta ai zai koma. Ba komawa. Irin waɗannan takardu kusan kullum akwai layi ɗaya a cikinsu da ke cewa kuɗin da ka karɓa shi ne cikakken biya na ƙarshe, ka sauke duk wata da'awa, wadda ka sani da wadda ba ka sani ba tukuna. Yarjejeniya ce, kotu kuma tana riƙe mutum a kan abin da ya sa wa hannu. Kafin a rushe ta sai ka tabbatar an yaudare ka ko an tilasta ka, kuma wallahi abu ne mai wuya, "ban karanta ba" ba ya fitar da baligi mai hankali. Na taɓa zama da wani bawan Allah, hannunsa a ɗaure bayan an yi masa aiki, ya ciro takarda daga aljihu duk ta yamutse, ya sa hannu kwana 4 da hatsarin lokacin yana ganin targaɗe ne. Na karanta sau biyu ina neman ƙofa ban samu ba, har yau abin yana raina.

Su kuma masu shiga tsakanin nan, waɗanda ba lauyoyi ba ba likitoci ba amma sun fi kowa sanin "yadda ake yi", su ne ke ingiza mutane, a yi sauri a rufe magana. Saurin me? Ciwon da likita bai gama faɗin iyakarsa ba ta yaya za a yi masa kuɗi? Diyya ba kuɗin keke ba ne kawai, akwai maganin da aka sha da wanda za a sha nan gaba, akwai kwanakin da ba ka yi aiki ba, akwai raɗaɗin da ka sha, in hannun bai koma daidai ba akwai asarar samun da za ta bi ka shekaru. In ma yafewa kake so haƙƙinka ne, amma ka san girman abin da kake yafewa tukuna. Kuɗin asibitin da ya biya kuwa bai kashe maka da'awa ba, cirewa za a yi a lissafin ƙarshe. Kuma kar ka ji nauyin kirkin da ya yi, in motar na da inshora kamfanin ne zai biya, dalilin yankan inshorar kenan.

Zancen mai keke ba shi da haƙƙi shaci-faɗi ne. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta birnin Biyana (Vienna) ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta lissafa keke cikin ababen hawa, direba kuma wajibi ne ya kula da duk wanda ke kan hanya. Rashin hular kwano, a inda ake duba shi, iyakarsa a rage wani kaso na diyyar raunin kai, ba ruwansa da hannunka. Faransa ma tun dokar 1985 kusan ba a duba laifin mai keke wajen biyan raunin jikinsa idan mota ce ta buge shi.

Abin da ba shi da sassauci shi ne wa'adin shigar da ƙara, kuma ya bambanta, Ingila shekara 3 ne, Kalifoniya shekara 2, saboda haka ka tambayi lauya na inda kake da wuri. Kafin nan ka karɓi rahoton 'yan sanda da na likita, ka adana duk rasit, lambar motar da lambobin shaidu, keken kuma kar ka gyara kar ka yar, ka ɗau hotonsa yadda ya lanƙwashe. In akwai kamara a wurin ka nemi bidiyon da gaggawa dan gogewa suke yi. Direban kuma ka gaya masa cikin mutunci cewa sai likita ya gama da kai, sannan ka ɗau hoton takardar ka kai wa lauya ya karanta.